Wasiƙar Neman Injin Jirgi

Allah ne masanin daidai, ni dai ga abin da na riƙe na wannan al'amari.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa ina zaune a Wudil, ina ɗinki a wata rumfa kusa da tasha. Ban yi boko ba. Allo na yi har na sauke, na taɓa littattafai gwargwado, kuma Allah ya ba ni hannu mai kyau a ajami. Saboda haka ranar Juma'a, in kasuwa ta cika, nakan ture keken ɗinki gefe in rubuta wa mutane wasiƙa: fataken shanu masu aike Ikko, iyaye masu 'ya'ya a soja, mai neman alfarma wajen hakimi. Na san yadda ake buɗe wasiƙar babban mutum da yadda ake rufe ta, kuma ina ji da wannan sanin fiye da yadda ya kamata.

Yayana ya rasu ya bar ɗa namiji, ni na riƙe shi har ya shiga jami'a a Zariya, yana karatun injiniya. Tun bai gama ba 'yan rumfarmu suka laƙaba masa Injiniya, ni ma na bi su. A farkon shekararsa ta ƙarshe ya zo hutu da wata doguwar takarda a naɗe. Ya shimfiɗa ta a kan teburin yanka, ya danne kusurwoyinta da almakashi da dutsen guga.

Ya ce, "Baffa, ka san mene ne wannan?"

Na duba, na ce, "Kamar an feɗe fara."

Ya yi dariya. "Jirgin sama ne. Mu muke ƙera shi, ni da 'yan ajinmu."

Ɗan ƙaramin jirgi ne, na mutum ɗaya da na'urar ɗaukar hoto. Nufinsu, in damina ta yi kogi ya malala fadama, a hau sama a ɗauki hoton inda ruwa ya ci da inda ya bari, masu binciken noma su samu abin aiki. Sun gama gangar jiki da fukafukai. Inji ya rage, kuma sai daga ƙasar waje. Jami'a ta ce nata ya ƙare, malaminsu ya ce su nemi kamfanin da zai ɗauki nauyi. Sun aika wa kamfanoni takardu, ba wanda ya amsa. In kuwa ba a yi odar injin da wuri ba, ba zai iso ba kafin su gama karatu.

Ya ce, "Shekara biyu ina kan abin nan, Baffa. Ina so in ga ya bar ƙasa kafin in bar makarantar, ko da tsayin mutum ne."

Sannan ya kawo maganar wani Alhaji. Shi Alhajin mutumin Dagumawa ne, nan kusa da Wudil, tare muka yi karatun allo. Ya shiga fataucin gyaɗa, daga nan ya sayi motoci, da kuɗin mai suka zo sai ya buɗe kamfanin kwangilar hanyoyi a Kano. Duk da haka Juma'ar ƙarshen wata ba ta wuce shi a gida. Injiniya so yake in yi masa jagora.

Na ce ya karanta mini abin da suka rubuta da Turanci, yana fassarawa. Sun nemi kamfani ya saya musu inji. Su kuma za su rubuta sunan kamfanin da manyan baƙaƙe a jikin jirgin, hagu da dama, ranar gwaji a gayyaci 'yan jarida, sannan a riƙa ɗaukar wa kamfanin hoton hanyoyin da yake ginawa daga sama.

Na ɗaga hannu na tsayar da shi. "Subhanallahi. Wannan za ka kai wa dattijo? Ka ce masa ba mu, mu kuma mu yi maka shela? Ai ka gaya masa a gaban idonsa cewa don a gani yake bayarwa."

"Baffa, haka kamfanoni suke yi."

"Kamfanonin Turawa dai. Wannan na san shi tun wandonsa ɗaya."

Abin da aka koya mana shi ne, in za ka nemi alheri wajen mai shi, ba ka haɗa masa da tukwici. Ka ambaci Allah, ka ambaci zumunci, ka faɗi buƙatarka a sassauce, ka bar shi da Ubangijinsa. Don haka na feƙe alƙalami na rubuta wasiƙar da har yau ina ganin ban taɓa rubuta wadda ta fi ta kyau ba. Na yi salati, na yi gaisuwa irin ta manya, na tuna masa marigayi yayana, na ce ga marayansa Allah ya ba shi ilimi, shi da abokansa sun tasam ma wani aiki mai amfani ga manoma, suna neman taimako saboda Allah. Maganar suna a jikin jirgi da 'yan jarida da hoton hanyoyi kuwa, duk na zubar. Farashin injin ma ban rubuta ba, don a ganina yanka wa mai kyauta adadi rashin kunya ne. Na ce wa Injiniya ya bar takardunsa a gida, kuma in mun je kada ya buɗe baki sai an tambaye shi.

Bayan sallar Juma'a muka same shi a zaurensa na Dagumawa, mutane zagaye da shi. Yana hango ni ya ce, "Alaramma mai allura! Yau kuma wace rigar aka ɓata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, taka ce ta ƙarshe, kuma cikinka ne ya ƙaru, ba awona ba ne ya ragu."

Aka yi dariya, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da gona da gajiya. Da jama'a suka ragu na miƙa masa wasiƙar. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Da ya zo wajen marigayi sai ya tsaya, ya share ido da hannun riga.

Ya dubi Injiniya ya ce, "Kai ne ɗan nan? Jirgi irin na zuwa Makka kuke yi?"

"A'a, Baba, ƙarami ne."

"To, Allah ya yi albarka. Allah ya jiƙan ubanka."

Ya shiga cikin gida, ya fito da ambulan, ya cusa wa Injiniya a hannu ta yadda ba wanda zai gani. Ya ce a sa mana buhun shinkafa biyu a mota, na ɗaliban ne. Sannan ya rage murya ya ce, "Kada kowa ya ji wannan."

Na fito ina jin daɗi. Sai da muka hau hanyar Wudil Injiniya ya leƙa ambulan ɗin. Kyauta ce mai tsoka ga ɗalibi.

Amma sai ya ce, "Baffa, wannan ko farfela ba za ta saya ba."

Na ce, "Somin taɓi ne. Babban mutum ba ya juye abu gaba ɗaya. Yanzu ya sani, zai yi tunani, zai aiko."

"In koma in nuna masa takardun?"

"Kul! Mutum ya ba ka yau, gobe ka koma ka ce bai isa ba? A ina aka taɓa yin haka?"

Ya yi mini biyayya, ya koma Zariya. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Duk Juma'ar ƙarshen wata ina zuwa gaida Alhaji, mu yi hira, in zauna ina jiran ya tayar da maganar jirgi. Yakan tambaye ni lafiyar ɗan marigayi, in ce lafiya lau, shi ke nan. Ni a ganina haƙuri nake yi irin na masu mutunci. Ban taɓa kawo wa raina cewa shi a wajensa an gama magana ba.

Wata rana da tsakar rana, ana zafin bazara, sai ga Injiniya a bakin rumfa, rigarsa jiƙe da gumi. Ko ruwa bai sha ba ya ce zai faɗa mini wani abu, in yi haƙuri. Ashe ya je ofishin kamfanin a Kano ba da sanina ba, ya ga manaja, ya nuna masa takardun. Manajan ya ce abin ya yi masa, kamfanin ma yana da kason da yake warewa don irin wannan. Amma da ya kai maganar sama, sai Alhaji ya ce ai batun marayan nan an riga an yi, tsakaninsa da Allah ne, kada a sake tayar da shi. Manajan ya ce shi ba zai iya komawa ba, sai dai wanda ya kawo maganar tun farko.

Na ture keken ɗinki gefe. Komawa wajen mutum bayan ya yi maka alheri ya ce a rufe, wannan a wajenmu abu ne mai nauyi ƙwarai. Amma na dubi fuskar ɗan nan, na ga ya rame. Na ce ya sake karanta mini takardun. Wannan karon na rubuta su da ajami yadda suke, har da farashin, ban ƙara salati ba, ban rage ko kalma ba.

Kashegari na hau mota zuwa Kano. Ban taɓa shiga ofishin ba. Bene ne, da sanyin na'ura har cikin ƙashi, da masu buga tafireta a jere. Alhaji ya yi mamakin ganina. Na ce na zo ne da laifi a hannuna, na miƙa masa takardar. Ya karanta har ƙarshe, ya koma farko, sannan ya cire tabarau.

"Malam, me ya hana ka kawo mini wannan tun farko?"

Na ce, "Na ji tsoron in ɓata maka lada."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Kai dai har yanzu kana ganina da buhun gyaɗa a ka! Ladana yana aljihuna, Malam. Kamfani kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai masu hannun jari, akwai banki. In na ɗebi dukiyarsa na yi sadaka a ɓoye, amanar mutane na ci. Amma in ya sayi wuri a jikin jirgi aka rubuta sunansa, ciniki ne, halal ɗinsa. Maraya ka kawo mini, na ba maraya. Da ciniki ka kawo, da a ranar na sa an kira manaja."

Na karanta babin ciniki da babin sadaka a wajen malamai, na san kowane da hukuncinsa. Abin da ban sani ba shi ne, yaran nan ba roƙo suka zo yi ba. Suna da abin sayarwa, aikin hannunsu ne, sun yi masa daraja daidai gwargwado. Ni ne na karɓe shi daga hannunsu na mai da su masu neman taimako, don ita ce kaɗai hanyar da na sani ta shiga wajen mai dukiya.

A zaman nan aka kira manaja, cikin mako aka yi oda. Sai dai lokacin ya zo daidai da cunkoson tashar jiragen ruwa ta Ikko, kaya na yin wata da watanni a kan ruwa ba a sauke ba. Injiniya ya rubuta jarrabawarsa, ya ci, aka tura shi bautar ƙasa can kudu, inji bai iso ba. Da ya iso, 'yan ajin da ke bayansu ne suka ɗaura shi. Ranar da jirgin ya tashi, da sunan kamfanin a jikinsa hagu da dama, ɗan yayana yana wani ƙauye mai nisa yana koyar da lissafi. A hoto ya gani.

Da ya zo hutun Sallah na bari sai da muka keɓe, na ce, "Injiniya, na ɓata maka wata uku."

Ya ce, "Huɗu ne, Baffa." Ya yi murmushi, amma ba mai yawa ba.

"Da an yi odar a lokacin, da ya iso?"

"Manaja ya ce da ya riga cunkoson."

Na ce, "To, ka yafe mini."

"Na yafe tun ina can. Amma ba zan ce maka ban ji zafi ba."

Na ce masa hakkinsa ne. Can sai ya ce ai ya biya ta Zariya a hanyarsa ta zuwa. Matuƙin da yake tashi da jirgin ba ya nan, amma yaran sun turo shi waje, suka ce ya shiga, suka tayar masa da injin a ƙasa. Ya ce ƙarar ta fi yadda ya zata, har haƙoransa na kaɗawa. Bayan ɗan lokaci suka kashe don kada mai ya ƙare. Shi kuwa ya ci gaba da zama a ciki har injin ya huce, sannan ya sauko ya nemi motar Kano.