Jemar da Na Tone a Gulma

Tun muna cikin Jihar Sakkwato, ina ƙaramin akawu a Birnin Kebbi, na kamu da son ƙamshin jema. Goggona ta Argungu ce ta ja mini. Takan wanke saiwar ciyawar, ta shanya a inuwa, ta daddaka, ta jiƙa da man turare, ta toshe kwalba sai sanyi ya shigo. Ƙamshi ne mai nauyi, mai duhu, kamar itacen da ya daɗe kwance a fadama. Da zafi yakan hau kai. Amma ranar da ɗari ya sa kowa ya takure, in ya kama babbar riga, sai ka ji kamar an lulluɓa maka bargo. Har yau ban shaƙi abin da ya kamo ƙafarsa ba.

Wata shekara ta ce saiwa ta ƙare mata. Ni kuwa sarkin zaƙewa, na hau babur sai Gulma, gonar shinkafar kawuna, bayan an gama yanka. Na ga jema jere reras a gefen gona, na ce lallai mutanen nan ba su san arzikinsu ba. Na tone ta kaf, na cika buhu, ban gaya wa kowa ba.

Ashe iyaka ce. A fadama ruwa yakan shafe kunya, ya kwashe turke, jema kaɗai ke tsayawa. Shi ya sa iyayensu suka dasa ta tsakanin gonar kawu da ta maƙwabcinsa, wani dattijo, amininsa tun suna samari. Shanu kuma suka bi suka tattake ramukan da na bari.

Da labarin rigimar iyaka ya iske ni na koma, rigata na tashin ƙamshin jema. Na tarar da gida biyu a gona, murya ta yi sama, kowa na nuna inda ya ce nan ne. Na raɓe gefe, na ƙudura ba zan tona kaina ba. Sai dattijon ya matso, ya ja numfashi kusa da kafaɗata.

"Malam," ya ce, "ashe iyakag gonata ga rigakka ta koma."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai ƙara bi ta kaina ba. Ya durƙusa ya fara tono da hannu, yana dumbuzo ƙasa yana sansanawa. Saiwar jema miƙewa take yi ƙasa sosai, ni samanta kawai na tsinko. Ya yi ta rarrafe har ya zaro wani siririn zare mai ƙamshi, taki uku cikin inda ya rantse gonarsa ce.

Ba wanda ya ga zaren sai shi. Da ya mayar ya rufe, da shi ke nan. Ya ɗaga shi sama, ya kira kawu.

"Zo ka gani. Nan take. Ni ad da kuskure."