Tsiryar Gawon Gonarmu

Shekarar da Nasara suka kwashi maza aikin hanyar Dogon Dutsi, har da mijina, manyan itatuwan garinmu Dumega ma ba su tsira ba. An sare su an yi turakun waya. Gawon da ke tsakiyar gonarmu kaɗai aka bari, don an ce aljana Doguwa na zaune cikinsa, ko gardi, dogarin kumandan Nasara, bai yarda ya ɗaga masa gatari ba.

Kogo ɗaya ne a jikinsa, bakinsa da ƙyar hannuna zai shiga. Ita kuwa tsirya, koriyar tsuntsuwar nan mai jan baki da doguwar wutsiya, ba ta san saƙa sheƙa ba, sai kogo. Tsiryoyin gari guda suka taru a kansa.

Lokacin ne wan mijina ya fara zarya gidanmu. A wurinmu, wanda ya riga zuba iri da ruwan fari, gonar tasa ce a wannan shekara, kuma abin da ya shiga hannun mutumin nan ba ya fita. Ya ce mini, "Ki tahi gidanku ki huta. Mace ɗaya mi za ta yi da gona?" Na ce, "To, Yaya."

Kullum ina zuwa tsintar ƴaƴan gawo saboda awakina, nan na ga abin da har yau nake jinjinawa. Wata tsirya ta riga kowa shiga kogon ta yi ƙwai, mijinta mai zobe a wuya yana kawo mata abinci. Ran nan shaho ya sure shi a gabana. Kafin gashinsa ya gama sauka ƙasa, sauran sun yi wa kogon caa. Sai ta toshe ƙofar da jikinta. Wanda ya leƙo ta kama masa yatsa, su faɗo tare suna kokawa har ƙasa, ta riga shi komawa. Ta rame, wutsiyarta ta gutsure, ruwa ma a guje take sha. Abin da bai kai tafin hannuna ba!

Da zafi ya tsananta, na ga ƙananan kawuna koraye shar suna leƙowa ta bayanta. Na zauna a gindin gawon na yi kuka.

Ranar da ruwan fari ya sauka, ban jira ya ɗauke ba. Na ɗauki sungumin mijina da ƙwaryar iri, ina sara, ina zubawa, ina takewa da diddige. Da Yaya ya iso da nasa irin, na kai gindin gawo. Ya tsaya bakin gona ya ce, "Wa ya aike ki?"

Ban ɗago ba, na ce, "Yaya, mai gidan ga tana ciki."