Madubin Girka da Tasar Umma

Aikina shi ne in tambayi ƙarfe abin da ke cikinsa ba tare da na ƙwarzane shi ba. Na daɗe ina yin sa a wani ɗaki marar taga, a ƙarƙashin wani gidan adana kayan tarihi a Washington. Kayan tagulla da jan ƙarfe na mutanen Girka na da can ake kawo mini: kofuna, hulunan yaƙi, madubai. Ina da wata na'ura mai kama da abin busar da gashi. In na saita bakinta kusa da ƙarfen, sai ta aika masa haske irin na hoton ƙashi a asibiti, ƙarfen ya mayar da amsa, kwamfuta ta nuna mini yawan jan ƙarfe da kuza, da ko maƙerin ya sa dalma don narkakken ƙarfen ya zubu da sauƙi. Ba ma yanka, ba ma gogewa, ko taɓawa sai da safar hannu.

Shekarar da mahaifiyata, Umma, ta zo daga Kano don a duba mata zuciya, wani madubi ne a kan teburina. Faifan tagulla ne da bai fi tafin hannu biyu ba, daga kabarin wata mace aka tono shi, ya yi kore shar da tsatsa. Wata rana na leƙa shi ta gilashin ƙara girma, sai na ga zare. Ashe an naɗe shi a ƙyalle kafin a binne shi. Ƙyallen ya ruɓe tuntuni, amma tsatsar ta hau kansa ta riƙe siffar saƙar, zare bisa zare. Daga ranar na zama wata iri. Sai in kunna na'ura tana ƙirga abinta, ni kuwa na lula wani tsakar gida kusa da teku, ina kallon wata mata tana gyara kitso a wannan faifan lokacin yana sheƙi, wata kuma, wataƙila 'yarta, tana ninke ƙyalle a hankali. Ban san sunan ko ɗayansu ba, amma na fi sanin su da maƙwabtana.

Umma kuwa tana gidana a Clinton, wani gari a gefen Washington, zaman kaɗaici ya ishe ta. Cikin kayanta ta taho da tasarta ta tagulla, wadda ta gada wurin mahaifiyarta, don ta ce fura ba ta damuwa a roba. Kowace Juma'a sai ta goge ta da toka da tsamiya. Tsamiya akwai a shagon 'yan Gana, toka ce ta yi wuya, har sai da maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar Kumasi, ta riƙa tara mata ta murhun gashin naman ɗanta. Umma bahaguwa ce. Takan zauna a barandar baya, ta dafe tasar da dama, ta yi ta zagaya ta da hagu, da'ira kan da'ira, tana ƙunƙuni da kurayen Amurka, wato kuregun da ke tsalle a kan shinge.

Da ta matsa sai ta ga inda nake wuni, na nemi izini na kai ta. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa tana riƙe da hannuna tamau. Na sa mata safar hannu, na buɗe akwatin madubin.

"Wannan ne madubin?" ta ce. "Ai kuwa matar nan ƙazama ce. Ba ta haihu ba ne? Samo mini tsamiya yanzu ki ga fuskarki a ciki."

"Umma, in kika goge shi, yau ni da aikin nan mun rabu."

"To me kike ci a nan, in ba gyara ba?"

Na zaunar da ita gaban gilashin, na nuna mata inda za ta sa ido. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ina jin numfashinta, gajere-gajere, yadda ya koma tun da ciwon ya kama ta.

"Saƙar hannu ce," ta ce a hankali. "Kuma ba a yi ta da gaggawa ba. Wadda ta naɗe abin nan tana son mai shi."

A hanyar gida, muna cikin jirgi, muka haye kogi. Sannan ta ce, "Masu madubin nan, nasu daban. Ke dai kada ki bar tasata ta yi haka. Ba kabari za ki kai ta ba."

Da sanyin shekarar Allah ya karɓi abarsa, a nan muka binne ta. Tasar tana kan kantar kicin inda ta ajiye ta. Bayan wasu makonni na lura da wani tabo a gefen bakinta. Shatin babban yatsa ne, zanensa ya fito raɗau. Na san yadda aka yi: ta ɗauke ta da jiƙaƙƙen hannu, gishirin fata ya ci ƙarfen, ya yi duhu. Yatsan Umma ne, taɓawarta ta ƙarshe. Na ɗauko safar hannu daga jakata, a cikin kicin ɗina, na ɗora tasar saman kabad. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, tasa tana ta dusashewa. Ina sane da abin da ta ce mini a jirgi, amma hannuna ya ƙi. Da safe kafin in fita nakan hau kujera in leƙa yatsan.

Ranar da muka tara mutane don yi mata addu'a, gida ya cika, Hajiya 'yar Kumasi ta karɓi kicin. Bayan la'asar sai ga ta ta shigo falo da tasar cike da fura, tana walƙiya har tana kashe ido.

"'Yata," ta ce, "na gan ta can sama ta yi baƙi. Na ce baƙi ba za su ga tasar marigayiya haka ba. Da sauran tokar da na tara mata na wanke."

Na ce, "An gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Me zan ce? Ƙaunar Umma ce ta sa ta. Na shiga banɗaki na kunna famfo, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ranar Litinin na tafi da tasar wurin aiki. Da na gama da madubin, na saita mata na'ura. Ta ce jan ƙarfe ne da tutiya da ɗan dalma. Gaskiya ta faɗa, amma ba abin da na zo ji ke nan ba. Sai na kashe fitilar sama, na kwantar da ƙaramar fitila a gefe, yadda muke yi in muna neman rubutun da ya shafe, na sa ido a gilashi.

Yatsan ya tafi, ko alamarsa babu. A sama akwai gugar Hajiya, miƙaƙƙun layuka sababbi, gaba da baya. Amma a ƙarƙashinsu da'irori ne, ba su ƙirguwa, wata kan wata, sun cika cikin tasar har gindi. Gefe guda na bakin kuma ya fi sirantaka, inda damanta ke dafewa. Na yi ta bin su da ido kamar ina bin ta a baya, daga baranda a Clinton har tsakar gidanmu a Kano, ina jin ƙamshin tsamiya a ɗakin da ba ya warin komai. Na yi makonni ina gadin taɓawa ɗaya, ashe duk tasar hannunta ce.

Na mayar da madubin akwatinsa da korensa da zarensa, yadda aka kawo shi. Ranar Juma'a na biya shagon 'yan Gana, na kuma roƙi toka a wurin Hajiya, na zauna a barandar baya. Ni ba bahaguwa ba ce, hannun bai saba ba, amma da hagu na goge ta.