Cakulan a Cikin Tsumman Goro

Ni na ɗauko Inna daga ƙauyenmu na ƙasar Tsafe na kawo ta Gusau, ba da son ranta ba. Daji ya lalace, kowa ya sani. Ƙannena da suka yi boko mai zurfi waya kawai suke bugowa, wai a yi abin da ya dace. Ni da na tsaya a aji uku, ni na saka ta a mota tana tsine wa motar.

Ni ne ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni. Amma tun ina saurayi, in na durƙusa gaishe ta da safe, sai ta ɓare goro ta miƙo mini ɓari ɗaya. Maganarmu ke nan. Ranar da muka iso Gusau ta daina. In gaishe ta, ta ce "lafiya", ta juya fuska bango. Har Bungudu na je na samo mata farin goro, ta rabar wa maƙwabta. Wata biyar muna haka, ga ta tana ramewa. Tsorona kar ta rasu tana fushi da ni.

Wata rana 'yata mai karatun jinya ta kawo mata cakulan.

"Baba, an ce yana sanya farin ciki," in ji ta.

"Wa ya ce? Wayarki? To masu kanti me ya hana su dariya?"

Inna ta gutsura, ta tsotsa. Sauran ta yi masa abin da take yi wa goro: ta kware takardar, ta naɗe shi a tsumma, ta yayyafa ruwa, ta tura ƙarƙashin katifa. Lokacin bazara ne, ɗakin kuma kwano.

Da safe na durƙusa kamar kullum. Ta jawo tsumman ta kwance. Abin ya zama taɓo. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wanga goron birni ba shi da ƙashi," ta ce. "Kamar mutanensu."

Sai dariya ta ƙwace mata, har da tari. Ta lakato da yatsa, ta ɗan tsaya, sannan ta miƙo. Na tara hannu biyu.

Ba na son zaƙi, ga warin tsumma. Na lashe tas.

'Yata har yau cewa take cakulan ne ya yi aiki. Ban sani ba. Na sha saye ina ci ni kaɗai a bakin titi, raina bai taɓa yin fari ba. Inna kuma ba ta fasa gaya wa baƙi cewa sato ta na yi daga gidanta ba. Amma da safe tana ɓare goro, kuma ɓari ɗaya nawa ne.