Tokar Babarbarena

A 'yar majami'armu ta Diffa muƙamai biyu gare ni, kuma har yau ba wanda ya yi mini hassada a kan ko ɗaya. Na farko, ni ke maimaita karatun Bishara da Hausa bayan an karanta da Faransanci. Dalili kuwa, a lakwal, wato makarantar mishan, can Arewa, ƙasar haihuwata, na zauna har na iya haɗa baƙi kafin malam ya lura kaina ya cika, ya sallame ni. Na biyu, ni ne sarkin toka. Mai dariya ya yi a hankali, sarauta ce.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Lahadin da ke gaban Ista mukan riƙe ganye mu zagaya majami'a muna waƙa, don tunawa da ranar da Almasihu ya shiga birni a kan jaki. Ganyen dabino aka ce, amma mu kaba muke samu, ta goruba, kuma sama ba ta taɓa aiko da ƙorafi ba. In an gama ba a zubar da ganyen. Ni ke tattara shi in soke a rufin ɗakina ya shekara. In azuminmu na gaba ya zo sai in ƙone shi, in tankaɗe, ranar Laraba fada ya shafa wa kowa a goshi, yana tuna masa daga ƙasa ya fito, can kuma zai koma. Ganyen bara shi ne tokar bana. In babu ganye babu toka, in babu toka ni kuma ban san me nake yi a duniya ba.

Kabar ba ni ke yankowa ba. Wani Babarbare ne, manomin tattasai a wani ƙauye bakin Komadugu, can wajen Geskeru. Musulmi ne, goshinsa har ya yi baƙi don sujada. Mun san juna tun ina gadin shagon tattasai a kasuwa. Ni Ba'are, ɗan Arewa, shi Babarbare, kowa kuwa ya san wasan da kakanni suka bar mana. Duk shekara sai in ji jaki a ƙofar gida, da murya:

"Bawana! Fito ka karɓi ciyawar addininka!"

"Wa ke bawan wa? Kai ka yanko, kai ka ɗauro, kai ka kawo har ƙofa."

"Tausayi ne, Ba'are. Mu a garinmu kaji ke wanka da toka, su ma sai in ƙuma ta dame su."

Sai ya zauna ya cinye tuwon matata tas, ya ce miyar ba gishiri, ya tafi.

Sai ga shekarar da yaran daji masu bindiga suka ƙetaro kogi. Aka hana babur, aka hana kifi, aka hana cinikin tattasai, wai da kuɗinsa yaran ke sayen harsashi. Bakin kogi ya zama wurin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta je. Majami'armu dama ba yawa gare mu ba: ma'aikata, sojoji, teloli 'yan kudu. Mai wurin zuwa ya ɗaure kayansa. Fada ma daga Damagaram yake zuwa, in hanya ta yarda.

Lahadin ganye ta zo, jaki bai zo ba. Na hau bedin ƙofar gida, wato dogon yaro, da tsufana na karyo rassa. Muka zagaya cikin shinge, waƙa ƙasa-ƙasa, sojoji a ƙofa suna laluben masu shiga. Na karanta yadda taro ya yi ta sowa yana shimfiɗa riguna a hanya, na ɗaga kai na ga taron nawa, ko kujerun gaba ba su cika ba. Bedin na soke a rufi kamar yadda na saba. Amma bedi ba kaba ba ne. Rabi ya marmashe, sauran kuma matata, Allah ya ba ta lafiya, ta turara wa sauro shi da damina. Da na yi magana ta ce, "Malam, in sauro ya kashe mu wa za a shafa wa tokar?" Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi fushi.

Ana saura kaɗan azumi ya kama, labari ya zo an ƙone ƙauyen Babarbarena, mutanen sun gudo bakin kwalta. Na je jaje. Na same shi zaune gaban wata rumfar tabarma da leda, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Tattasan shekara guda ya bari a buhuna cikin ɗakinsa na ƙauye, da ɗan barkono a gefe, duk an hana shi fitarwa.

"Hukuma ta ce kada in sayar don kada yaran su ci," in ji shi. "Yaran suka ce tunda ba su ci ba, wuta ta ci. Kowa ya samu abin da yake so, Ba'are. Ni kaɗai ba a tambaya ba."

Na fara haɗa kalmomin jaje. Shi ya cece ni.

"Ya tokarka ta bana?"

"Babu. Sauro ya shaƙe."

Sai ya yi dariya har da tari. Matarsa ta leƙo, ta ce tun gudowarsu ba ta ga haƙoransa a waje ba.

"Dubi talaka! Ubangidanka na da toka buhu-buhu, kai kana yawo ba ko cokali."

Na ɗauka wasa ne. Bayan 'yan kwanaki sai ga jaki a ƙofa. Ashe komawa ya yi kangon gidansa da rana tsaka, ya ciko babban gwangwanin madara daga inda buhunan suke. Ya dangwara mini a hannu.

"Ungo. Wannan ba ta ciyawa ba ce. Gumina ne."

Ban ɓoye wa fada ba. Na gaya masa daga ina ta fito da abin da ta ƙunsa. Ya buɗe gwangwanin, ya sunsuna, ya yi atishawa. Can ya ce, "Baba, tankaɗe ta. Zan sa mata albarka."

Ranar Laraba zafi ya riga ya fara. Aka shafa wa kowa, aka koma aka zauna. Gumi ya tsatso, ya ɗauko toka ya gangaro da ita cikin ido. Ashe wutar ba ta cinye yajin duka ba. Karatun ranar kuwa, kowace shekara shi ne: in kuna azumi kada ku ɓata fuska don mutane su gani, ku wanke ido ku saki rai. Ni ina karanta kada a ɓata fuska, jama'a na sharɓar hawaye. Wani saje mai ƙaton wuya yana goge ido da hular soja. Matata na hararata ta cikin kuka. Ni kaina baƙaƙen suka narke, na ƙarasa da ka. Tun da nake ban taɓa ganin tuba irin ta ranar ba. Kuma in faɗi gaskiya, yajin ya daina aiki tun da wuri, amma kukan bai tsaya ba. Kowa yana da nasa a ajiye, dalili kawai yake jira.

Da na kai wa Babarbarena labari, sai da ya kwanta a tabarma.

"Tattasaina ya je Kano, ya je Ikko, bai taɓa shiga coci ba sai bana! Har sajen?"

"Har sajen."

"To ka ji. Bana ku sake haƙuri da bedi. Baɗi kaba za ka riƙe, ta bakin kogi, ko ba ni ne ubangidanka ba."

Da ruwa ya sauka, kogi ya kawo, ya fara komawa gona. Safe ya tafi, la'asar ya dawo bakin kwalta. Lokacin ne fada ke sa koriyar riga, muna karatun mai shuka da iri da ƙaya. Na je na same shi.

"Bar zancen kabar nan. Bedi ma ganye ne."

"Kana zaton don ciyawarka nake zuwa? Ba'are, ni manomi ne. Na gaji da tsayuwa a layin masu agaji da kwano, yarinya sa'ar jikata tana tambayata sunan ubana."

Lokacin jiran Kirsimeti ya zo, karatu duk na tsaro ne: ku zauna a faɗake, ba ku san sa'ar da ɓarawo zai zo ba. Ni tsohon maigadi ake gaya wa. A garin nan kowa a faɗake yake, kuma bai hana komai ba. Tattasan Babarbarena ya yi ja, ya aiko mini da ɗan ƙulli in ɗanɗana, da saƙon wai in gyara rufin ɗaki, kaba na tafe.

Ana cikin tsinkar tattasai, wata safiya ya tafi gona, jakin ya dawo shi kaɗai. Kada wani ya zaci zan ce da kaba a bayansa. Ba tatsuniya nake yi ba. Mangala ce wayam. Ba gawa, ba labari, ba wanda ya ga komai, don a kwarin nan gani ma laifi ne.

Bayan 'yan makonni, dab da azumi, karatun Lahadi ya faɗo kan ƙaunar maƙiya da yi wa masu tsananta mana addu'a. Na duba ko na buɗe shafin da ba shi ba. Shi ne. Na karanta, ban tsallake ko baƙi ɗaya ba, don aikina ne. Da aka tashi fada ya ce, "Baba, yau muryarka ta yi ƙasa." Na ce masa Almasihu ya ce in bi shi, ina kuwa biye, amma bai ce dole in bi shi ina murmushi ba.

Yanzu kaba ta dawo kasuwa, mata masu saƙar tabarma na kawowa. Ina saye, ina sokewa a rufi, ina ƙonawa. Amma kowace shekara sai na ɗebi kaɗan daga gwangwanin na gauraya, don Babarbarena ya halarci ibada ko ba ya so. Abin da ke cina shi ne tokar tana sanyi. An canza fada, an canza sojoji, an kawo sababbin ma'aikata da ba su san kwarin nan ya taɓa ƙamshin tattasai ba. Bara aka shafa wa kowa, ko jariri bai yi ƙwalla ba. Aka fito ana gaisawa, ana zancen tsadar shinkafa.

Saboda haka bana na sa matata ta daka mini barkono mai kyau, na zuba a gwangwanin, na girgiza. Ta ce, "Malam, wannan zunubi ne." Na ce ta rubuta shi a kaina. Laraba mai zuwa ce, kuma an ce za a yi zafi.