Igiyar Shanya

Shekara biyu na yi a Doha ina karatun wani tsohon rubutun hannu na Larabci. Wani likita ne ya rubuta shi, a wani garin bakin teku da ke kallon Andalus, lokacin da maƙiya suka yi wa garin ƙawanya, sarki ya rufe tashar jiragen ruwa, annoba kuma ta shiga. Yaƙin da rigimar fada su nake bi. Akwai wani shafi da ban ɗauke shi a bakin komai ba, inda ya ce gidan da cuta ta shiga akan rufe shi, mutanen ciki su riƙa zuro kwando da igiya ta taga ana saka musu abinci. Ranar da kwando bai sauko ba, maƙwabta sun san abin da ya faru.

A unguwar Old Airport nake zaune, a bene na biyu. A ƙasa akwai wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, tana riƙe wa ɗanta yara. Mma muke ce mata. Tana da ciwon suga da hawan jini, ga taurin kai kamar na kakata.

Da tamu annobar ta zo, ni ta fara kamawa a gidan. Aka ce in killace kaina. Ko awa uku ba a yi ba na ji ana buga ƙofa.

"'Yata, buɗe, na zo dubiya."

"Mma, don Allah ki koma."

"A garinku haka ake yi? Mutum na kwance, a gaishe shi ta katako?"

Ina da saurin fushi, ga zazzaɓi. Na ɗaga murya na ce ba na son ganinta. Na ji saukar silifas ɗinta a hankali. Wallahi na yi kuka, don na san idan ta shigo ɗakin nan ba lallai ta tashi ba, kuma na san gobe ma za ta dawo.

Sai shafin nan ya faɗo mini a rai. Na kira ta a waya, na ba ta haƙuri, na ba ta labarin kwando da igiya kaf, har da ƙarshensa. Sai ta ce, "Khalas, shi ke nan. Ƙarfe bakwai in ban ga igiya ba, zan hawo, kuma ina da makullin mai gida."

Na kwance igiyar shanya na ɗaura wa bokitin wanki. Kullum da safe in zura shi ta baranda, ya dawo da koko da ƙosai. Kokon nan citta da barkono sun yi masa yawa, na faɗa mata, ta ce Kanawa ba mu san daɗi ba. Takan ajiye kujerar roba a tsakar gida, ta ɗaga kai ta ce, "Ya jiki?" Dubiyarta ke nan.

Kwana na biyar da na shida ba na son tunawa. Numfashi da ƙyar, ko ruwa ba na sha'awa. Don ta ni, da ban motsa daga katifa ba. Amma bakwai saura kwata sai in ga Mma a kan matakala a cikin raina, in rarrafa zuwa baranda. Tunda kuma kwanon kokon zai koma, dole in sha, don tana dubawa.

Bayan na warke na sauka na durƙusa na gaishe ta. Na ce ta ba ni tsoro da zancen makullin nan.

"Wane makulli?" in ji ta. "Ni ina zan samu? Na ga dai don kanki ba za ki tashi ba."