Ramar da Ta Ƙi Tsawo

Duk wanda ya san Kawu Tanimu a Mairuwa ya san ba ya karɓar abu sai ya kai shi hanci. Goro, taki, hula, har takardar asibiti! Wata ranar kasuwar Sheme wani ya buɗe masa buhun irin masara, ya sunsuna, ya ture. Mai kaya ya ce, "Baba, wallahi na bana ne!" Kawu ya ce, "Buhun ne na bana. Abin da ke ciki ya girmi autana."

To ni Sale, ɗan ƙanwarsa, ni ne na ga zan iya yi wa wannan hanci wayo. Allah Ya yafe mini. Ina da shekara ashirin da biyar, ina shan wiwi a ɓoye, sai wani abokina na wajen Sabuwa ya ba ni iri. Ya ce wannan gajera ce mai faɗin ganye, ba ta sa surutu, sai dai ta kwantar da mutum. Na ga ganyenta ya yi kama da na rama, sai na cusa ta a tsakiyar gonar ramar da Kawu ya ba ni in kula da ita.

Rama ta miƙe har ta wuce kaina. Tawa kuwa ta tsaya iya ƙugu, ta cunkushe, ga danƙo, ga wari. Abokin nan kuma yana kawo mini busasshiyarta. Da hantsi ina barci a gindin ɗorawa, in na farka in share tuwo kwano uku.

Wata safiya Kawu ya tsaya a bakin gona, ya ɗaga hanci sama.

"Sale, tashi. Mi ka shuka nan?"

"Rama, Kawu."

"Rama? Shekara hamsin ina noman rama, ban taɓa ganin wadda ta ƙi tsawo, mai ita kuma ya ƙi tashi ba!"

A kwanakin ne jami'ai suka kama samari biyu da wiwi a ƙauyen gabanmu, ga mahaifiyata tana fama da hawan jini. Kalma ɗaya daga bakinsa, na kaɗe.

Sai ya miƙo mini fartanya. Ya sa na tuge ta kaf, na haƙa rami. Na ce, "Kawu, a ƙone mana, ya fi sauri."

"A ƙone? Iska ta kai hayaƙi gari, liman ya ɓingire da barci ana tsakiyar huɗuba? Binne, ja'iri!"

Bai gaya wa kowa ba. Amma duk Juma'a in an sauko masallaci, sai ya cire hulata a gaban jama'a, ya sunsuna, ya mayar mini, ya ce, "Ɗan nan, turarenka ya yi." Ku da kuke zaune a nan kuna dariya, kuna cewa Kawu da tsokana. Sau biyu a shekarar farko ya sunsuna, ya cusa hular a aljihu ya yi tafiyarsa, na koma gida kai a buɗe, ina jin kamar in nutse. Daga nan ban sake sha ba. Shi kuwa bai fasa ba, shekara goma sha ɗaya cur.

Mahaifiyata ta rasu ba ta sani ba. Yau ni na tona da bakina, don ku san irin mutumin da muka rasa. Kawuna ne, ina alfahari da haka.

Ya Allah, yadda ya rufa mini asiri, Ka rufa masa nasa, Ka yalwata kabarinsa. Amin.